Sunan da ke Bangon Littafi: Kirk-Greene da Yaron Damagaram

Ƴan'uwa masu karatu, bari mu fara da abin da kowa ya sani a nan Birni. In ka ga jakar fata mai kyau a kasuwar Dole, hannu nawa ta bi kafin ta zo gabanka? Makiyayi ya yi kiwon akuya. Mahauci ya yanka, ya feɗe. Majemi ya jeme fatar da bagaruwa. Baduku ya yanka ta, ya ɗinka, ya yi mata ado. Sa'an nan dillali ya ɗauka ya kai kasuwa. To, mai saye fa? Sau da yawa dillalin kaɗai ya sani.

A zamanin da, fatun jar akuya na ƙasar Hausa sukan ƙetare Sahara a bisa raƙuma, su isa bakin teku, daga nan a kai su Turai. Turawa suka riƙa ce musu fatar Maroko, domin ta wannan gefen suka ɓullo musu. Sunan majemin Kano ko na Sakkwato bai bi fatar ba.

Littafi ma haka yake. Akwai suna a bango, amma ba kullum mai sunan ne ya yi dukan aikin da ke ciki ba. Wani shi ya rubuta da kansa. Wani tattarawa ya yi. Wani fassara ya yi. Wani kuma littafin wani ya ɗauko ya gyara, ya ƙara. Mai karatu na gaske ya kamata ya san bambancin waɗannan.

Don mu gane wannan sosai, za mu duba littattafan wani Baturen Ingila, masanin tarihi, wanda ya yi rubuce-rubuce iri-iri a kan ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A cikin littattafan nasa akwai wani yaro na ƙasarmu ta Damagaram. Da sannu za mu zo kansa.

Wane ne Kirk-Greene?

Sunansa Anthony Kirk-Greene. An haife shi a Ingila a shekarar 1925. Yana saurayi ya yi aikin soja a Indiya, lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan ya gama karatun jami'a, a shekarar 1950 ya shiga aikin mulkin mallaka, aka turo shi arewacin Nijeriya. Ya yi aiki a lardin Adamawa, ya riƙe muƙamin da mutanen can ke kira Di'o, wato kamar abin da mu nan muke ce wa kwamanda a zamanin Faransawa.

Daga shekarar 1957 ya koma Zariya, yana koyarwa a makarantar koyon aikin mulki da ke Kongo. Aikinsa shi ne horar da ƴan ƙasa waɗanda za su karɓi kujerun Turawa in an samu ƴancin kai. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana cikin malamanta na farko. A 1967 ya samu wuri a jami'ar Okasfod ta Ingila, ya zauna can yana koyarwa da bincike har 1992. Ya rasu a shekarar 2018, yana da shekara 93.

Kada mu manta da abu guda. Mutumin nan ma'aikacin mulkin mallaka ne kafin ya zama malamin tarihi. Da idon mai mulki ya fara ganin ƙasar. Amma kuma ya koyi Hausa, ya zauna da mutane, ya yi tambaya, ya rubuta abin da ya ji. Duka biyun suna cikin littattafansa. Wanda zai karanta shi sai ya riƙe wannan a ransa.

Waɗanda ya rubuta da hannunsa

Kashi na farko su ne littattafan da shi da kansa ya zauna ya tsara. A 1958 ya fitar da littafi a kan Adamawa, jiya da yau: kabilunta, sarautunta, da yadda Turawa suka shigo ta. Wurin da ya yi aiki ke nan, abin da ya gani da wanda ya bincika ya rubuta.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin littafi da ya fi shahara a wurin masu nazarin Hausa. Sunansa Mutumin Kirki. Asalinsa lacca ce ya yi a Amurka, aka buga ta a 1974. Tambayar da ya yi ita ce: in Bahaushe ya ce wane mutumin kirki ne, me yake nufi? Ya lissafa halaye guda 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Ka duba jerin nan da kyau. Akwai wanda ba ka sani ba? Babu. Kakarka ta san su duka, ba ta kuwa taɓa riƙe alƙalami ba. Abin da Kirk-Greene ya yi shi ne ya jera su, ya yi bayaninsu da Turanci, ya sa a takarda. Yanzu in ɗalibi a wata jami'a mai nisa zai yi magana a kan halin kirki a wurin Hausawa, sunan Kirk-Greene yakan ambata. Ba sata ya yi ba, aiki ya yi. Sai dai hikimar tamu ce, rubutun nasa ne.

A ƙarshen rayuwarsa ya juya ga tarihin aikin da shi kansa ya yi. Ya rubuta littafi a kan ma'aikatan mulkin mallakar Ingila a 1999, da wani a 2000, da kuma wani a 2006 a kan Di'o-Di'o na Afirka: yadda ake ɗaukarsu, yadda ake horar da su, da yadda suke zama da mutanen da suke mulka.

Waɗanda ya tattara

Kashi na biyu su ne littattafan da maganar cikinsu ta wasu ce, shi kuwa ya tara ta wuri guda.

A 1966 aka buga masa Hausa Ba Dabo Ba Ne. Karin magana ne guda 500, da fassararsu da bayaninsu. To, wa ya ƙago karin magana? Ba wanda zai ce shi ne. Na mahauta ne da masaƙa, na mata a bakin murhu, na tsofaffi a gindin bishiya. Mai tattarawa kamar mai kalar gyaɗa ne: bai shuka ba, amma in bai tsince ba, wata sai ta ruɓe a ƙasa.

A 1971 kuma ya fitar da wani babban aiki mai juzu'i 2 a kan rikicin Nijeriya daga 1966 zuwa 1970, wato juyin mulkin soja da yaƙin basasa na Biyafara. A nan ma ba labari ya tsara daga kansa ba kawai. Jawaban shugabanni ya tara, da sanarwar da aka yi a rediyo, da takardun yarjejeniya, kowace da ranarta. Amfanin irin wannan aiki shi ne, in an yi gardama bayan shekaru a kan abin da wane ya faɗa, sai a buɗe a gani. Magana zarar bunu ce, amma wadda aka rubuta tana nan inda aka ajiye ta.

Akwai na uku a wannan kashi. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zagaya ƙasashenmu daga 1850 zuwa 1855, gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. Da ya koma ya rubuta tafiyarsa a juzu'i 5 manya-manya. Wa zai iya karanta wannan duka? Sai Kirk-Greene ya tsamo sassan da suka shafi ƙasar da ta zama Nijeriya, ya haɗa su a littafi guda a 1962. Ka riƙe sunan Barth, za mu sake gamuwa da shi.

Waɗanda suka yi da wasu

Kashi na uku su ne na haɗin gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani Bature malamin makaranta, Hogben, ya rubuta tarihin masarautun arewacin Nijeriya tun 1930. Bayan shekara 36, a 1966, shi da Kirk-Greene suka sake fitar da shi, an gyara, an ƙara masa abubuwa da yawa. A ciki akwai tarihin Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Gumel, Haɗeja, Barno, Sakkwato da sauransu. Kuma in ka bi diddigi, daga ina su biyun suka samo? Daga tsofaffin littattafan malamai na Larabci, da jerin sunayen sarakuna da ake ajiyewa a fada, da bakin dattawa, da rahotannin Turawan mulki.

A 1967 shi da Malam Yahaya Aliyu suka yi littafin karatun Hausa don masu koyo. A 1973 kuma shi da wani Ba'amurke, Charles Kraft, suka yi littafin koyon Hausa don masu jin Turanci, irin wanda mutum zai koya wa kansa a gida. Baƙi da yawa da suka zo ƙasar Hausa aiki, da wannan littafi suka fara koyon “sannu” da “ina kwana”.

Ka ga dai, suna ɗaya ne a bango, amma aikin iri-iri ne: tarihi, karin magana, nahawu, siyasa, labarin tafiya. Saura guda ɗaya, shi ne wanda ya fi shafarmu.

Yaron Dambanas

Wajen shekarar 1840 aka haifi wani yaro a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, a nan ƙasar Damagaram. Sunansa Dorugu. Zamani ne na hare-hare da kamun bayi. Yana ƙarami mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa. Ya bi hannu-hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin.

In kana son ka san yadda zamanin nan yake, akwai shaida. Wani Baturen Ingila, James Richardson, shugaban tafiyar su Barth, ya sauka a nan Zinder a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim. Ya yi makonni, yana rubuta abin da ya gani kullum: fada, kasuwa, fatake, da cinikin bayi. Ya tashi zuwa Barno, amma bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris na wannan shekara. Takardunsa aka kai Ingila, wani mutum dabam ya tsara su, aka buga a 1853 da sunan Richardson. Ka ji wani littafin kuma da mai sunan bai taɓa ganinsa ba.

A Kukawa, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya ƴanta Dorugu, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852, sai Barth ya ɗauki yaran biyu. A ƙarshen wannan shekara suka tashi daga Kukawa suka yi yamma. Suka iso Zinder a ƙarshen watan Disamba na 1852, suka yi wajen wata guda. Ka yi tunani: yaron da aka fitar daga ƙasarsa yana bawa, ga shi ya dawo cikinta yana ɗa, amma tafiya ba ta ƙare ba.

Daga nan suka bi Katsina, Wurno, Sakkwato da Gwandu. Suka ƙetare kogin Kwara a Sayi. A watan Satumba na 1853 suka shiga Tambutu, suka yi watanni a can cikin zaman ɗar-ɗar. Suka komo ta Kano zuwa Kukawa, suka ƙetare Sahara har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A watan Satumba na 1855 Dorugu ya sa ƙafa a birnin Landan. Shekarunsa ba su wuce 15 ko 16 ba.

A Ingila ya zauna a gidan wani mai aikin mishan, Bajamushe ne asalinsa, sunansa Schön. Mutumin nan ya daɗe yana neman Hausa. Ya fara tsintarta a bakin ƴantattun bayi a Saliyo, ya bi ayarin jiragen da suka hau Kwara a 1841, har ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Burinsa ya fassara littattafan addininsa. Amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Sai ga Bahaushe har cikin ɗakinsa! Abin nema ya samu.

Suka zauna shekara da shekaru. Dorugu yana magana, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Ya ba shi kalmomi, ya ba shi tatsuniyoyi, ya kuma ba shi labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai. Su Barth sun zo sun kalle mu sun rubuta. Shi kuma Dorugu ya je ya kalle su ya faɗa.

Daga wannan zama littattafai suka fito: nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Duka da sunan Schön aka san su. A 1877 aka ba shi lambar yabo a Faransa saboda aikinsa kan Hausa, a 1884 kuma jami'ar Okasfod ta ba shi digirin girmamawa. Gaskiya dai, Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya ambace shi a ciki. Amma yabo wanda ke bango yake bi.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Wani babban kashi na Hausar da aka fara bugawa da boko a duniya, daga bakin yaron ƙasar Kance ya fito. Hausar da ya sha a nono ce Turawa suka yi ta koya shekaru da yawa. Haruffan da kake koyo yau a wannan aji, wani ɗan ƙasarku yana cikin waɗanda suka share musu hanya.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912.

Yadda labarin ya sake fitowa

Littafin Schön ya tsufa, ya yi wuyar samu, rubutun Hausarsa ma ba irin namu na yau ba ne. Labarin Dorugu ya kwanta a ɗakunan ajiye littattafai na Turai, sai ƙalilan suka san da shi.

A nan ne Kirk-Greene ya shigo. Shi da wani Ba'amurke masanin harshen Hausa, Paul Newman, suka ɗauko labarin, suka fassara shi da Turanci, suka yi masa bayani: wane gari ne wannan, wane sarki ne wancan, wace shekara abu kaza ya faru. Suka gwada maganar Dorugu da abin da Barth ya rubuta a kan tafiya ɗaya. Suka haɗa da labarin wani mutum na biyu, Maimaina, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne, abokin Dorugu. Labarin Maimaina an riga an buga shi da Hausa a Zariya a 1958. Aka buga littafin nasu a Amurka a 1971.

Wannan aiki ne na kirki, dole a faɗa. Ba don shi ba, da mutane da yawa ba su ji sunan Dorugu ba. Amma duba abu biyu. Na ɗaya, sunan littafin bai ambaci Dorugu ba. In za ka neme shi a ɗakin karatu, da sunan Kirk-Greene da Newman za ka tambaya. Na biyu, sunan littafin cewa ya yi labarai ne guda biyu daga arewacin Nijeriya. A Kano Dorugu ya ƙare kwanansa, haka ne. Amma cibiyarsa a ƙasar Kance aka binne ta, cikin Nijar ta yau. Fatar Maroko ke nan ta sake dawowa.

Me ya sa Damagaram ba ta cika fitowa ba?

Wani zai ce, to, Baturen nan da ya rubuta Kano da Katsina da Daura, me ya hana shi rubuta Damagaram? Amsar ita ce iyaka.

A 1898 aka kashe Bafaranshe Kazamaju a nan Zinder. A 1899 sojojin Faransa suka ci garin, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ingila da Faransa suka ja layi tsakaninsu: Kano ta faɗa hannun Ingila, Damagaram ta faɗa hannun Faransa. Zinder ta zama hedkwatar mulkin ƙasar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Tun daga nan, Baturen Ingila yakan tsaya da alƙalaminsa a bakin iyaka, na Faransa ma haka. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, amma tarihinta ya rabu gida biyu, rabi da Turancin Ingila, rabi da Faransanci.

Saboda haka in ka nemi Damagaram a littattafan Ingilishi irin na su Hogben da Kirk-Greene, ta ƙofar maƙwabta za ka gan ta. Za ka ji ta a labarin Daura, domin bayan jihadi sarakunan Haɓe na Zango da Ɓaure sun zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Za ka ji ta a labarin Gumel. Za ka ji ta a labarin Kano, wajen yaƙin Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu. Wato kullum a matsayin wadda ta kawo hari, ko wadda aka gudu zuwa gare ta. Labarin da maƙwabcinka ya ba da a kanka ba lalle ƙarya ba ne, amma ba shi ne dukan labarinka ba.

Ga wani abin sha'awa. A shekarar nan ta 1971 da labarin Dorugu ya fito a Amurka, a ita ce wani ɗan garin nan ya fitar da tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Shi ne André Salifou, wanda aka haifa a Zinder a 1942, ya rasu a 2022. Ya bi dattawa da mutanen fada, ya haɗa abin da suka faɗa da takardun Turawa. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera bindigogin igwa, ya yi mulki har 1884. Shi ne kuma ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Wannan karon ɗan gida ne ya rubuta, sunansa ne a bango. Sai dai da Faransanci ya rubuta, harshen da dattawan da suka ba shi labarin galibinsu ba sa karantawa.

Abin da ya rage gare mu

To, ƴan'uwa, me za mu ɗauka daga wannan duka?

Na farko, in littafi ya zo hannunka, kada ka tsaya a bango. Ka buɗe shafin farko ka duba. An ce wane ya rubuta, ko ya tattara, ko ya fassara? A wace shekara? A wane gari aka buga? Ka karanta gabatarwa, domin a nan ne marubuci mai amana yakan gode wa waɗanda suka taimake shi. Sau da yawa a nan sunayen mutanenmu suke ɓoye.

Na biyu, ka tambayi kanka: mai rubutun nan daga ina yake kallo? Kirk-Greene daga kujerar Di'o ya fara. Schön daga aikin mishan. Barth da Richardson baƙi ne masu wucewa. Kowa da abin da idonsa ya kai, da abin da ya tsere masa. Ba a ce ka yar da littafinsu ba. Ka karanta, ka auna, ka gwada da abin da ka ji a gida.

Na uku, mu ba kowa hakkinsa. Mai tattarawa ya yi wahala, mai fassara ya yi wahala. Shekara fiye da 50 Kirk-Greene ya yi yana wannan aiki. Amma wanda ya ba da magana shi ma yana da hakki. In ka rubuta tatsuniya daga bakin gwaggonka, ka sa sunanta, da unguwarsu, da ranar da ta faɗa maka. In waƙar daka ce ko ta niƙa, ka ce daga wurin wance ka ji.

Na huɗu, shi ne babba. Dorugu ya ga Tambutu, ya ga Tarabulus, ya ga Landan, amma labarinsa da sunan wani ya fita, domin alƙalami da injin ɗab'i suna hannun wani. Kai yau alƙalami yana hannunka. A Birni da Zango da ƙauyukan kewaye akwai tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu. Akwai waɗanda suka ji labarin aikin tilas na zamanin Faransawa daga bakin iyayensu. Akwai majema da dukawa da maƙera da suka san sirrin sana'ar da yara ba sa koyo yanzu. Kowane ɗayansu in ya tafi, da kayansa yake tafiya.

Ba sai ka iya rubutu kamar malamin jami'a ba. Ka sayi kaye na rubutu, ka je wurin dattijo guda, ka gaishe shi, ka nemi izini, ka tambaye shi abu guda. Ka rubuta yadda ya faɗa, da Hausarsa. Shafi ɗaya ya isa a rana. In ka yi kuskuren harafi, malamin aji zai gyara. A saman shafin ka sa sunan wanda ya faɗa, a ƙasa ka sa naka.

Tambayoyi

1. Me ya sa Turawa suka kira fatun ƙasar Hausa fatar Maroko?
2. Faɗi bambancin wanda ya rubuta littafi da wanda ya tattara.
3. Kawo halaye 5 daga cikin halayen mutumin kirki guda 10.
4. A ina aka haifi Dorugu? Waɗanne garuruwa ya bi kafin ya isa Landan?
5. Me ya sa Damagaram ba ta cika fitowa a littattafan Turawan Ingila ba?
6. Aikin gida: nemi karin magana 3 daga bakin wani babba a gidanku. Rubuta su, ka sa sunan wanda ya faɗa maka.